Akwatin Salahuddin Bai Tashi Ba

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, bakwai ga watan Sha'aban, Allah Ya karɓi ran ƙanena Salahuddin, malamin injiniya, a gidanmu na unguwar Alsawra, nan Sudan, bayan gajeriyar jinya.

Salahuddin, har yau mutanen unguwa da "mai tauraro" suke kiranka. Kai da ɗalibanka kun haɗa ɗan tauraron ɗan'adam, akwatin da bai wuce gwangwanin madara ba, don ya riƙa hango gonakin Jazira inda babanmu ya tsufa yana tsintar auduga. Ni maƙerin walda ne, na yi maka dariya. Ka ce mini, "Yaya Haliru, haɗawa ba ita ce wahalar ba, kuɗin mota ne."

Ashe masu rokar da ke kai shi sama da kilo suke sayar da wuri, kilo guda kuwa ya fi kuɗin gidan da muke ciki. Sai ka shiga rage wa akwatin nauyi. Ka zo shagona a Alshajara kana goge kusoshi da zarto, ka kai shi ma'aunin Hajiya Bakhita mai kayan ƙamshi a Kasuwar Libiya, tana tsokanarka wai ko zinariya ce. Albashinka kuwa a kuɗin motar ɗalibai da abincinsu yake ƙarewa.

Da wata jami'a a waje ta yarda ta ɗauke maka kuɗin, sai takunkumi ya hana a karɓi kayan da ya fito daga Sudan. Ka nemi izinin fita ka roƙe su da bakinka, hukuma ta riƙe fasfo ɗinka. Wallahi abin ya ci ni, ya fi cin ka! Kai dai ka ce, "Malesh, ba komai, sai baɗi." Ɗalibanka suka watse ɗaya bayan ɗaya, baɗin ba ta zo ba.

A gadon jinya ka riƙe hannuna ka ce batirin akwatin zai mutu in ba a yi masa caji duk mako ba. Na yi alkawari. Duk Juma'a, in an kawo wuta, nakan jona shi in zauna ina kallon 'yar koriyar fitilar. Ban san wanda zai zo ɗaukarsa ba, kuma na kasa dainawa.

Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata kabarinka, Ya ba matarka Sittana da 'ya'yanku haƙurin rashinka. Amin.