Ɗakunan da Malam Habibu ya bari a cikin kwamfuta

Ƙas-ƙas-ƙas. Da wannan ƙarar yatsu a kan madannai nake gane maigidana Malam Habibu ya dawo daga sallar asuba. Yau shekara bakwai ke nan da Allah Ya karɓi abinSa, har yanzu kunnena bai daina sauraro ba.

Aikinsa buga wa fataken Illela da na Ƙonni takardu ne. Ya raba fuskar kwamfutarsa kamar yadda ake raba gida: zaure na takardun mutane, tsakar gida ta karatun yara, ɗaki na hotunanmu da ƙira'arsa da ya naɗa. Ba ya jan tagar manhaja da linzamin kwamfuta. Baƙar tagar umarni yake buɗewa ya rubuta layi ɗaya, kowace manhaja ta tashi a mazauninta. Da baƙo ya yi sallama, sai wani layin, hotunanmu su koma ciki kafin a amsa. Yakan ce na'ura ma a koya mata kunya.

Ina yawan tunanin mi zai ce da wayoyin yanzu, inda hoton matar aure da rasit ɗin albasa suke kwance wuri ɗaya, kowa ya karɓa ya shafa. Na san ba zai yi faɗa ba. Kai kawai zai girgiza.

Ya bar mini layukan a bayan wata tsohuwar kalanda, da su nake buɗe Suratul Mulk da muryarsa a zauren kwamfutar kowace safiya. Satin jiya ƙanensa ya yi sallama ina cikin saurare. Cikin gaggawa na rubuta umarnin tura tagar karatun zuwa ɗaki na uku, na sa lamba uku. Da ya tafi na leƙa ɗakin, wayam. Zaure babu, tsakar gida babu. Kwana biyu ina kai da kawo, tuwo ya kama a tukunya, na ƙi kashe na'urar don kada abin ya tafi ke nan. Garaje ba ƙarfi ba ne, amma wa zai faɗa wa zuciya? Ban taɓa kwafar muryar a ko'ina ba.

Rana ta uku na sake duba kalandar da natsuwa. Can ƙasa, da ƙaramin rubutunsa: ƙidaya daga sifili take farawa, zaure sifili ne. Ashe ukuna ɗaki na huɗu ne, wanda ban san da shi ba. Na shiga, ga tagar tana jirana, ta tsaya a ayar da na bar ta.

Abin da ya rage mini nasa ke nan: gidan da ya tsara, har da ɗakin ajiye abin da hannu ya kuskure. Allah Ya haskaka makwancinsa.

Hafsatu, autarmu da ya bari a goye, tana tsaye bayana lokacin da muryar ta dawo. Ta riƙe gefen zanena ta ce:

"Inna, yau ki bar Baba a zaure. Ni ban taɓa ganin ya tarbi baƙo ba."