Ranar Da Na Rera Ni Kaɗai

A cocinmu na Jushi, kafin a sayi kayan sauti, mutum ɗaya ne yake ɗauko waƙa. Wani tsoho ne, tela a unguwar PZ, kowa Baba yake ce masa. Ba ya fitowa gaba. Daga benci na uku zai ja baitin farko, kafin ya kai ƙarshe jama'a sun karɓe, ba ka ƙara jin muryarsa.

Ni lokacin ina gyaran rediyo a Samaru. Karatuna bai yi nisa ba, amma Ubangiji ya ba ni murya, kuma Baba ne ya fara lura. Duk Asabar nakan je shagonsa, yana taka keken ɗinki yana koya mini. Abu ɗaya ya yi ta nanatawa: in ɗauko waƙa ƙasa-ƙasa, inda muryar tsofaffin mata za ta kai. Ya ce mai ɗauko waƙa ashana ne, in wuta ta kama aikinsa ya ƙare.

Da aka sayi lasifika, ni aka damƙa wa, tunda sana'ata ce. Ran da na fara rera waƙa da ita, na ga kawuna sun juyo gare ni. Daɗin da na ji ran nan bai sake ni ba. Na je wurin dattawan ikilisiya na ce muryar Baba tana rawa, yana jan waƙa, matasa suna gajiya. Akwai gaskiya a ciki, amma ba gaskiyar ce ta kai ni ba. Aka ce masa ya huta. Ya bar mini ɗauko waƙa. Kowace Lahadi ina hango leɓensa yana motsi a benci na uku, ni kuma in ƙara murɗa sauti.

Bayan shekara biyu ya kwanta ciwo. Na je duba shi, matarsa, wadda muke kira Mama, tana zaune a gefen gado. Ya riƙe hannuna.

"Ɗana, ran da za a kai ni, kai za ka ɗauko waƙa. Ka sauko da ita ƙasa. Ina so Mamarka da matan zumuntar coci su raka ni da bakinsu."

Na yi masa alkawari.

Ranar jana'izar makabarta ta cika. Teloli sun rufe shaguna, fastoci sun zo daga wasu majami'u, har da ɗalibai daga Samaru. Na zo da ƙaramar lasifika mai batir, wadda ba wanda ya ce in kawo. Da aka sauke akwatin, fasto ya dube ni. Ni kuma na dubi taron. Ban manta da alkawarin ba, wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai. Ina sane na ɗauko waƙar can sama, inda muryata ta fi zaƙi.

Matan suka biyo ni. A layi na biyu muryoyinsu suka fara karyewa, suna zubewa ɗaya bayan ɗaya. Na ga Mama ta ɗaga wuya tana neman ta kamo, sannan ta rufe baki ta sunkuyar da kai. Da na tsaya na sake ɗaukowa daga ƙasa, ba wanda zai zarge ni. Amma tsayawa na nufin in nuna na yi kuskure a gaban baƙi. Baiti huɗu na rera ni kaɗai, ba mai amsawa sai ƙarar ƙasa a kan akwati.

Da aka watse, wani baƙon fasto ya yaba muryata. Mama ta zo wucewa, ta tsaya.

"Sannu da ƙoƙari, ɗana. Na so dai in yi masa ko baiti ɗaya."

Ta wuce. Da aka gama zaman makoki 'ya'yanta suka mayar da ita ƙauyensu a kudancin Kaduna. Na yi ta cewa zan je in roƙi gafararta, har labarin rasuwarta ya iso.

Shaiɗan ya nuna wa Yesu mulkokin duniya, Yesu ya ƙi. Ni taron makabarta kawai ya nuna mini.

Na mayar da lasifikar ga dattawa. Na gaskata Ubangiji ya gafarta mini, amma waƙar ba ta da sauran wurin rerawa. Yanzu a benci na uku nake zama. In aka ce in ɗauko, nakan ɗauko ƙasa-ƙasa, in kasa kunne ga layin mata. Har yau, kafin su karɓa, akwai ɗan shirun da nake jin tsoronsa.