Fitilar da Ba a Saukar wa Gamaliyel Ba

Yakubu yana ɗaure damin kara a kan amalanke sai ga Mumuni a kan moto, wato babur, ƙafafunsa duk laka. Ko sallama bai yi ba. Ya ce, "Yakubu, Gamaliyel ya shiga rijiyar Altine, an fiddo shi ba rai."

Yakubu ya yi ta jan igiyar damin har ta tsinke a hannunsa.

Tare suka tashi da Gamaliyel a wani ƙauye kusa da garin Sarkin Hausa, tare suka bar lakkol ba su yi nisa a karatu ba. Yakubu ya kama noma, Gamaliyel ya gaji haƙar rijiya wurin ubansa. A ƙasar Mayahi kuwa ruwa yana da nisa, wanda ya sauka ƙasa sararin sama yakan zame masa kamar faifai. Mumuni, maƙwabcinsa Musulmi, shi ne mai riƙe masa igiya tun suna samari. Doka ɗaya gare su: kafin Gamaliyel ya sauka, sai Mumuni ya zura fitilar kananzir har ƙasa. In ta mutu, iskar ba ta da kyau, ranar babu aiki, ko rijiyar sarki ce.

Gamaliyel bai iya wa'azi ba, amma a 'yar majami'arsu ta laka kowa ya san zancensa. Yakan ce in yana ƙasa ya ɗaga kai, ba ya ganin fuskar mai riƙe igiya, haske ya yi yawa a bayansa, sai dai ya ji igiyar a ƙugunsa ya san ana riƙe da shi. "Haka nike da Ubangiji," in ji shi. "Ina jin riƙonsa. Amma wayyo, ina marmarin ranar da zan ga fuskar."

Ranar da abin ya faru, Mumuni ya tafi taron suna a garin Cake. Altine, dattijo a ikilisiya, mai garkar albasa, ya matsa a yashe masa rijiya a ranar. Tun da safe ya sa aka zura injin esansi, wato mai shan fetur, ciki don a janye ruwa, hayaƙi ya kwanta a ƙasa. Da Gamaliyel ya iso ya tambaya ko an gwada, aka ce an gwada, wuta ba ta mutu ba. Ashe tocila suka ɗaura a igiya. A zatonsu don a ga ƙasa ake zura fitilar. Tocila kuwa ina ruwanta da numfashi?

Duk wannan Mumuni ne ya gaya wa Yakubu a hanya, yana kuka yana tuƙi. Shi ma da ya dawo ne ya ji labarin a bakin rijiyar.

A gidan makoki Yakubu ya tarar magana ta riga shi zama a tabarma. Altine ne a tsakiyar maza yana cewa, "To, burinshi ya cika. Kullum zancenshi ke nan, ganin Allah. Mutum in ya ƙagu, ba ya tsayawa lura." Mutane suna gyaɗa kai. Anna, matar mamacin, tana jin su daga bayan danga.

Zuciyar Yakubu ta tafasa. Ga shi an kashe masa aboki, kuma ana so a binne shi da sunan mai ganganci, a lulluɓe tocilar da bangaskiyarsa.

Pasto ya riƙe masa hannu, ya ce, "Ɗan'uwa, ba yau ba."

"In ba yau ba, yaushe, Pasto? Bayan an rufe shi da ƙaryar ga?" Ya juya. "Baba Altine, wa ya zura inji cikin rijiya?"

"Yakubu, ka ji tsoron Allah, gidan rasuwa ne."

"Shi nike jin tsoro, shi ya sa nike tambaya. Ina fitila? Mutumin ga ya tsufa cikin rami bai taɓa sauka ba gwaji ba. Ya so ganin Allah, i, ya so! Amma bai ce ku aika shi ba. Albasa ce ta ƙagu, ba Gamaliyel ba."

Altine ya sunkuyar da kai, ya daɗe yana murza hularsa, sannan ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "Tocila muka sa. Ya tambaya, muka ce an gwada." Daga bayan danga Anna ta saki kukan da ta riƙe tun rana.

Fushin Yakubu bai sauka ba, har yau ma bai gama sauka ba. Ko addu'a ya durƙusa yi, da faɗa yake farawa. Abin da ke tsayar da shi sai hirarsu ta ƙarshe da Gamaliyel ranar Lahadi, bayan sujada, a gindin gawo inda suke dara. Yakubu ya tsokane shi, ya ce, "Kai mai marmarin ganin fuska, mi kake jira?"

Gamaliyel ya yi dariya yana kwashe 'ya'yan dararsa. "Ba ni ke riƙe da igiya ba, abokina. Ran da ya ja, in tafi da murna. Kafin nan ina da rufin ɗakin Anna, ina da kai da zan cinye ran Laraba."

"Ka zo da tsumman share hawaye."

"Kai dai ka gyara ramukan, raggo."