Majanyin da Inna ba ta goya kowa da shi ba

Watan nan Inna ta cika shekara goma sha tara da rasuwa. Ban yi taro ba, don babu wanda zan tara. Na dafa shinkafa na aika masallacin layinmu a Mabera, na dawo na zauna. Wasu idan irin wannan rana ta zagayo sukan kira yaya ko ƙani a waya, a yi ta "ka tuna ranar da ta bi mu da muciya?" har a yi dariya a share hawaye. Ni ba ni da wanda zan ce wa ka tuna. A cikin duk waɗanda Inna ta haifa ni kaɗai na rayu, shi ya sa nake ba ku labarinta, ku da ba ku san ta ba.

Ni ce 'yar fari, kuma wanda ya tashi a Sakkwato ta wancan zamani ya san abin da hakan ke nufi. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Kunya ce, Inna kuwa ta riƙe ta da hannu biyu. Kakata ce ta goya ni, Inna sai dai a miƙa mata ni in sha nono tana kallon bango. Sunana a bakinta "ke wagga". Har ta koma ga Allah ban taɓa jin ta ce Asma'u ba.

Duk son da al'ada ta hana ta nuna mini sai ta tara shi tana jiran na biyu. Da cikinsa ta sayi majanyi na saƙi, fari mai ratsin baƙi, ta ninke ta sa a kwalla. Yaron ya zo, kafin a kwana idonsa da fatarsa sun yi rawaya, bai kai suna ba. Na bayansa ma haka. Akwai wanda ya zo babu rai, jiki a kumbure. Biyar aka ɗauka daga ɗakinta aka kai makwanci, babu wanda ya yi ƙwarin da za a goya shi.

Unguwa ta sa mata suna mai wabi. Wai yaro ɗaya ne ke zuwa yana komawa don ya wahalar da ita. Aka tsaga kunnen wani kafin a binne shi, don a gane shi in ya dawo. Ta sha jiƙo, ta sha rubutu, ta yi hayaƙi har idonta ya gaji. Ina 'yar yarinya na bi ta wani gidan suna, jariri yana yawo hannu zuwa hannu, da aka zo kanta sai aka tsallake. Ta riga ta miƙa hannuwa. Sai ta mayar da su ta kama gyaran mayafi kamar dama abin da ta yi niyya ke nan. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ita ma ta yarda da su. Da na yi aure na haihu, ba ta taɓa goya 'ya'yana ba, tana tsoron abin da ke jikinta ya shafe su.

Sai shekaru bayan rasuwarta na ji wata magana dabam. Autata Nafisa na da cikin fari, na raka ta awo. Nas ɗin ta duba sakamakon jini ta ce mu zauna. Ta ce jajayen ƙwayoyin jinin yawancin mutane suna da wata alama a jikinsu, wasu kaɗan kuma ba su da ita, Nafisa na cikinsu. Idan jariri ya gado alamar daga ubansa, jininsa ya ɗan gauraya da na uwa wajen haihuwa, garkuwar jikin uwar sai ta ɗauke shi baƙo, ta haɗa makaman yaƙarsa, kuma ba ta mantuwa. Na fari yakan tsira, don ya riga ya fito. Na bayansa su ke shan wuya: makaman su ratsa mabiyiya su yi ta farfasa jinin jariri tun yana ciki, ya zo da ƙarancin jini da shawara mai tsanani. Ta ce akwai allurar da ake yi wa uwa da ciki da kuma cikin kwana uku bayan haihuwa, ta share jinin jaririn kafin garkuwar ta haddace shi.

Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Hajiya, cikin danginku akwai wadda ɗiyanta sunka riƙa mutuwa da shawara, na hwari kaɗai ya tsira?"

Na ce, "Ga ta hwarin nan zaune gabanki."

Ba wanda ya taɓa gwada jinin Inna, don haka ba zan rantse ba, ita ma nas ɗin ba ta rantse ba. Amma na dawo gida na kasa cin abinci. In haka ne, babu yaron da ke zuwa yana komawa, su biyar ne, kowa da ransa, ƙannena. In haka ne, a kaina jikinta ya koyi yaƙin. Bakinta bai kira sunana ba, jininta kuma bai taɓa manta ni ba. Ban ɗora wa kaina laifi ba, jariri bai san komai ba, kuma kowa da kwanansa. Kewa ce dai ta taso mini, ta mutanen da ko fuskarsu ban riƙe ba.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. Na san za ta riƙe haɓa ta ce, "Allura? Duk wanga abu allura?" Sannan ta ga Nafisa tana sumbatar ɗanta na fari a bakin titi, tana ƙwala masa kira da sunansa, ta sa hotonsa a fuskar waya. Wannan kam sai ya fi allurar ba ta mamaki, ta ce zamani ya zubar da kunya a kwata.

An yi wa Nafisa allurar, na tsaya a kan ma'aikatan har na zama abin kwatance a asibitin. Duk da haka da ta sami ciki na biyu hankalina bai kwanta ba, don a gidanmu na biyu shi ne mafarin kuka. Ta haifi mace bana. Kullum da safe ina kan babur ɗin kabu-kabu daga Mabera zuwa gidanta a Minanata, in kai jaririyar bakin taga in buɗe idonta ina neman rawaya. Nafisa ta gaji ta ce, "Mama, don Allah ki bar yarinyar ga ta yi kwana." Idon fari tas. Ta kai suna, uban ya sa mata sunan Inna.

Majanyin yana wurina tun rasuwarta, a ninke yadda ta bar shi. Ni ma, da karatuna da komai, tsoronsa nake ji. Da yarinyar ta yi ƙwari na ɗauko shi na wanke, na tafi da shi Minanata. Nafisa ta yi dariya ta ce ina na samo wannan tsohon tsumma. Na buɗe baki in ba ta amsa, na duba ɗakin, babu ko mutum ɗaya da ya san kwallar da ya fito. Sai na sunkuya aka ɗora mini yarinyar.

Abin da ya rage na Inna ke nan: saƙi ɗaya, da jinin da ya ratsa ta jikina ya bayyana a jikanyarta, da kunyar da na ɗauka na tsere mata. Yarinyar ta fara mutsu-mutsu a bayana, na so in lallashe ta, sai na ga bakina ba zai iya kiran sunan uwata ba. Na ƙara ɗaure majanyin, na jijjiga ta, na ce, "Ke wagga, kwanta."