Shayin Hajiya Nurten

Shekara shida ke nan cif da muka yi wa Hajiya Nurten salla a Harami. Maƙwabciyata ce a unguwar Misfala a Makka, 'yar Turkiyya, mijinta na kula da masaukin alhazan ƙasarsu. Larabcinta a karye, nawa a karye, haka muka yi shekara tara muna hira har girki ya ƙone.

Ma'aikaciyar jinya ce a ƙasarsu kafin a ce mata ta zaɓa, ko kallabi ko aiki. Ta ɗauki kallabinta ta fito. Ba ta taɓa nadama ba, amma kuma ba ta taɓa yafewa ba.

Da aka ɗauki 'yata Safiya aikin jinya a asibiti, ɓangaren mata, Malam, maigidana, ya ce atafau 'yarsa ba za ta fita aikin albashi ba. Saura kwana uku a ba wata gurbin. Sai Hajiya ta sa mijinta ya gayyace mu shan shayi.

A al'adarsu, idan ka ƙoshi sai ka ɗora cokali a bakin kofi. Malam bai sani ba, kuma Bakano ne, ba ya barin abin da aka ba shi. Yana shanyewa, tana cikawa, tana magana. Kofi bakwai na ƙirga.

"Ya Shehu," ta ce, "ni an kore ni saboda na rufe kaina. Ita an ce ta zo da hijabinta, kai kuma ka ce haram? Idan matarka ta kwanta, wa kake so ya duba ta?"

Malam ya share gumi ya ce, "Khalas, shi ke nan, Hajiya, ta je." Har gobe cewa yake hujja ce ta kama shi. Ni dai na ga yadda yake kallon ƙofa, shayi ya cika masa mara.

Hajiya ta rasu kafin a buɗe wa masu kallabi aikin gwamnati a ƙasarsu. Da tana nan na san ba guɗa za ta yi ba, cewa za ta yi a dawo mata da shekarunta. Wannan yana ci mini rai.

A jinyarta ta ƙarshe Safiya ce ta sa mata ruwa. Hajiya, da kyar take numfashi, ta kama hannunta ta gyara mata riƙon allura. Yau Safiya ke koya wa sababbin ma'aikata, kuma duk wadda ta riƙe allura ba daidai ba sai ta kama hannunta ta gyara. Ba su san sunan Hajiya ba, amma aikin da aka raba ta da shi su ke yin sa, da hijabinsu. Allah Ya jiƙanta.