Surukata da Gadon Jemage

A ramin zinariya bayana ya lalace. Na daɗe ina haƙa a wajen Bagega, ina saɓa buhun dutse, har ranar da ƙasa ta rufto mana. An zaro ni da rai. Na tattara na koma gida Bukkuyum na kama noma, amma ƙugu ya ƙi. In na duƙa, miƙewa sai da dabara.

Ƙanena direban babbar mota ne, gajere, mai surutu. Shi ya kawo mini wani gadon ƙarfe daga Legas, na hannu. Yana tsaye kan ƙafafu kamar almakashi a buɗe. Mutum zai jingina bayansa, ya sa idon sawu cikin wani maƙali mai soso, ya ɗaga hannu. Sai gadon ya kwanta da shi ta baya, kai ya yi ƙasa, ƙafa ta yi sama. Wai nauyin jiki ke jan ƙashin baya ya saki. Yarana suka sa masa suna gadon jemage.

Kafin in taɓa shi ƙanen nawa ya kai ni asibiti a Anka. Ma'aikacin ya auna jinina, ya leƙa idanuna da 'yar fitila.

Ya ce, "Da kana da hawan jini ko ciwon ido, da na hana ka. Kada ka hau da tuwo a ciki. Ka fara da ɗan karkace kaɗan, kuma kada ka daɗe. Akwai igiya a ƙarƙashinsa mai hana shi kifewa duka, a ɗaure ta. Kuma ba a hawa sai da mutum kusa."

Na ce na ji. Wannan ta ƙarshen ma na san ta tun a rami, don ba a sauka sai akwai mai riƙe igiya a baki. Amma rami daban, gida daban. Magidanci da furfura a gemu, a tsaya ana kallonsa ƙafa sama? Na sa aka shigar da gadon ɗakina. Ƙanena ya hau ya nuna mini yadda ake yi, ya kife, ya dawo, yana dariya. Washegari ya koma hanya. Akwai wani ƙarfe da ake ja a daidaita gadon da tsawon mai hawa. A tsawonsa ya bar shi, ni kuwa na fi shi tsawo da kai da wuya. Igiyar ma da ya kwance don ya burge yara, bai mayar ba.

A kwanakin ne Inna, mahaifiyar matata, ta zo daga Gummi ganin jika. Tun da na auri 'yarta ban taɓa haɗa ido da ita ba. Daga nesa nake durƙusawa in gaishe ta, in cire takalmi. Ban taɓa cin abinci tana gani ba. Ita kuma ba ta taɓa taka ƙofar ɗakina ba, ba ta taɓa kama sunana ba. Haka muka samu ana yi, kuma haka muke jin daɗi.

Wani hantsi matata ta ce za su gidan suna a maƙwabta ita da matan unguwa, na ɗauka har da Inna. Yara suna makaranta. Na ji gida ya yi tsit, na ce yau ne. Na saki asabari, na maƙale ƙafafuna, na yi bisimilla, na ɗaga hannu biyu.

Gadon bai yi shawara da ni ba. Kafin in ƙifta ido ina kallon ƙasan ɗakina daga sama. Hula ta faɗi. Riga ta zazzago ta rufe mini fuska. Na sauke hannu kamar yadda aka nuna mini, gadon ya ƙi motsi. Na yunƙura, ƙuguna ya ce bai san zancen ba. Jini ya fara taruwa a kaina, kunnuwana suna kaɗa ganga, idon sawu kamar ana yanka.

Sai na ji ana ɓarar gyaɗa a tsakar gida. Ƙas, ƙas. Na ji tari. Tarin Inna ne. Ashe ba ta bi su ba.

Na fara auna abin. Ko in mutu a rataye, ko surukata ta gan ni ciki a waje. Wallahi sai da na duba na farkon da kyau.

Na yi gyaran murya. Ɓarar gyaɗa ta tsaya, ta ci gaba. Na sake yi da ƙarfi. Ba abin da ya faru. Dole na buɗe baki.

"Salamu alaikum, Inna. Ina kwana?"

"Lahiya lau, Malam. Ina gajiya?"

"Babu gajiya."

"Ya ƙarhin jiki?"

"Da sauƙi, Inna."

"Madalla. Ya aiki?"

"Mun gode Allah."

Duk wannan ta cikin riga nake amsawa, idanuna kamar za su zubo. Ta koma kan gyaɗarta.

Na ce, "Inna, ko akwai wani namiji kusa?"

"Babu kowa sai ni da kaji. Mi ya hwaru? Muryarka kamar daga rijiya."

"Wanga gado ya kihe da ni. Ba ni iya sabkowa."

Na ji ta aje faifai. Takunta ya zo har bakin ƙofa ya tsaya.

"Malam, ni in shiga nan?"

"In ba ki shigo ba, Inna, ɗiyarki takaba za ta yi."

Da baya ta shigo. Daga ƙarƙashin riga ina hango dugaduganta. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta zo da taɓarya a hannu, tana laluben hanya da ita kamar makauniya. Ta bugi randa. Ta bugi ƙafar gadon. Ta bugi kafaɗata.

"Kai na?"

"Ni na, Inna."

"To ka yi haƙuri. Ina za ni sa ta?"

Na ce ta cusa ƙarƙashin gefen da kaina yake, ta ɗaga. Tsohuwa ce 'yar firit, amma hannun da ya tsufa yana daka ba abin rainawa ba ne. Ta ɗaga, na kama maruƙan da ke gefen gadon na ja. Gadon ya taso ya kwanta daidai.

Na ce, "Tsaya nan, Inna. In na miƙe yanzu juwa za ta kada ni."

Ta tsaya riƙe da taɓarya, fuska a bango, ni ina kwance ina mayar da numfashi. Na gyara rigata. Can sai na ga kafaɗunta suna rawa.

"Ni dai," in ji ta, "ɗiyata na ba mutum. Ba a gaya min jemage na ba."

Ban taɓa jin dariyarta kusa ba sai ran nan. Na so in daure, abin ya gagara. Muka yi ta yi, tana kallon bango, ina kallon rufi.

Da matata ta dawo Inna ba ta ce mata komai ba. Ni na faɗa. Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, sannan ta tashi ta yi mini faɗa mai kyau. Ta kira ƙanena a waya. Shi ya gaya mata yadda za a ja ƙarfen ya yi daidai da tsawona, da inda ake ɗaure igiyar. Aka ɗaure ta gajeruwa, yadda gadon ba zai wuce ɗan karkace ba. Inna ta ce a fito da shi daga ɗaki a kai ƙarƙashin rumfa, inda ido ke gani. Ba a musu da suruka.

Yanzu da safe nake hawa, kafin koko. Ina cusa riga cikin wando, in ɗaura takalmi, in taɓa maƙalin ƙafa in ji ya kama. Hannu ɗaya nake ɗagawa, a hankali. Ba na daɗewa. In na ji kai ya yi nauyi sai in dawo, in huta a kwance kafin in miƙe. Bayan bai zama sabo ba, ba zan yi ƙarya ba. Amma yana saki, kuma damanar nan da hannuna na yi huɗa.

Sauran kwanakin da Inna ta yi a gidan, ita ta karɓi gadi. Za ta kawo kujera 'yar tsugunno ta zauna kusa, ta ba ni baya, faifai a cinya. Har ta koma Gummi ba mu haɗa ido ba. Sai dai in ta ji shiru ya yi yawa ta ce, "Malam, kana nan?"

In ce, "Ina nan, Inna."

Ta ce, "To sabko haka nan, kokonka na hucewa."