Turmin Atamfa a Mangalar Malam Idi

Ni ɗan dukawa ne a Birnin Damagaram. Ubana na ɗinkin fata, ni ina rini. Ba yunwa ta sa ni sata ba, labari ne ya cika mini kai. A hirar ƙofar gida kullum ɓarawo ne mai wayo, dogari kuwa wawa. A silima kuma jandarma ba ya kuskure, kafin a tashi ya kama mai laifi ya saki mai gaskiya. Na yarda da duka biyun.

Na fara da guntun fata, na koma aljihun mutane. Wata ranar kasuwar Mirriya na zare turmin atamfa daga wata rumfa. Mai rumfa ya yi kururuwa, gardi biyu, 'yan sandan Faransa, suka taso. Sai na cusa turmin cikin mangalar jakin wani dattijo, Malam Idi, manomin gyaɗa daga Gaffati.

A nan suka same shi.

"Kai tsoho, ina ka samo wannan?"

"Wallahi ban taɓa ganinsa ba."

Suka ɗaure shi da igiyar jakinsa, suka yi ta dukansa da gindin bindiga har yatsunsa na dama suka karye. Ina tsaye cikin taro ina cin gyaɗarsa da ta zube. Na ce a raina, gobe kumandan, Baturen da ke shari'a, zai gano gaskiya. Washegari aka yanke masa shekara uku.

Bayan shekara guda aka kama ni da akuyar sata. A gidan kaso na tarar da shi, ana kai mu Kara-Kara fasa dutse, yana ɗaga guduma da hagu. Ranar farko ya tura mini rabin tuwonsa, ya ce, "Ci, ɗana, kai ke da sauran kwana."

Na ajiye tuwon. Na je na faɗa wa babban gardi komai. Ya yi dariya ya ce, "So kake kumandan ya ce ya yi kuskure?" Ya sa aka yi mini bulala ashirin.

Malam Idi ya ji dalilin bulalar. Bai zage ni ba. Bai kuma sake kallona ba har ya rasu da damina.

An sake ni shekarar da aka sauke tutar Faransa. Na tuba, na koma dukanci. Na taka har Gaffati neman gafara, na tarar wani ke noma gonarsa, ba wanda ya san inda iyalinsa suka nufa.

Samari, ku janye hannu daga kayan mutane. In kun tsere, wani ake kamawa. Ni ga shi na tsufa, har yau ban sami wanda zan ce wa ya yafe mini ba.